ZAƁEN NA'URAR RARRABA INTANET DOMIN OFISHIN ƘUNGIYA

A 'yan shekarun nan ƙungiyoyinmu na gama kai da yawa sun ga aikin ofis ba ya tafiya sosai sai da intanet. Ma'aji yana so ya duba ko kuɗin masara ya shiga asusun banki. Sakatare yana so ya aika da sunayen masu neman taki kafin a rufe rajista. Shugaba kuma yana so ya ji farashin waken soya a kasuwar Dawanau kafin ya amsa wa ɗan kasuwar da ya zo da mota. Wanda ya sha wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san yadda ciniki ya koma cikin waya a 'yan makonni kaɗan.

Saboda haka kwamitoci suna ta tambayarmu wace na'ura ce za a saya domin mutane da yawa su yi amfani da layi ɗaya. Wasu samari kuma sun ji labarin ƙananan kwamfutoci irin su Raspberry Pi, suna so a gwada. Kuɗin da za a kashe gumin 'yan ƙungiya ne, don haka ya kamata a yi tunani kafin a buɗe asusu. Shawararmu ita ce a fara zaɓen manhaja tukuna, sa'an nan a nemi na'urar da za ta ɗauke ta, wadda batirinmu zai iya ciyarwa, wadda kuma mutanenmu za su iya gyarawa. Ga dalilanmu.

Mene ne rauta?

Intanet yana shigowa gida ko ofis ta hanya ɗaya, ko ta sim na kamfanin waya, ko ta igiya, ko ta faifan tauraron ɗan Adam irin na Starlink wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023. Na'urar da take karɓar layin nan ana kiranta modem. Wadda take raba shi ga wayoyi da kwamfutoci kuwa ita ce rauta. Aikinta kamar na sarkin ruwa ne a fadama. Ruwa yana zuwa ta babban lambatu ɗaya, shi ne yake buɗe wa kowace gona nata rabon, ya kuma hana wanda ba shi da haƙƙi ya fasa. Sau da yawa akan haɗa modem da rauta da na'urar watsa waifai cikin akwati ɗaya, amma ayyuka uku ne dabam dabam.

Ko wace rauta kwamfuta ce ƙarama. Tana da injin lissafi wanda ake kira furosesa. Tana da wurin aiki wanda ake kira ram, shi ne kamar masussuka inda ake baza aikin yini. Tana da wurin ajiya, kamar rumbu, inda babbar manhajarta take zaune. Babbar manhaja ita ce take gaya wa ƙarfen abin da zai yi. In manhajar ta tsufa ba mai kula da ita, akwatin ya zama abin haɗari ko da fitilunsa suna ci lafiya lau.

Irin da za ka iya ajiyewa

Mu manoma mun san bambancin irin da za ka ware daga girbinka ka ajiye domin baɗi, da irin da sai ka koma shago kowace shekara. Haka manhaja take. Yawancin rautocin kasuwa suna zuwa da rufaffiyar manhaja, kamfanin da ya ƙera ne kaɗai yake iya gyara ta. Bayan 'yan shekaru yakan daina aiko da gyara, domin yana so a sayi sabuwa. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka bayyana rubutunta ga kowa. An yarda ka karanta, ka gyara, ka ba maƙwabcinka, ba tare da ka biya kowa ba.

Ga yadda abin ya shigo cikin rautoci. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta manhajar da ake kira Linux. An sa ta ƙarƙashin wata yarjejeniya mai suna GPL. Sharaɗinta shi ne duk wanda ya ɗauki manhajar ya yi mata gyara ya sayar, dole ya bayyana rubutun ga masu saye. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys na Amurka ya fitar da wata rauta mai suna WRT54G. A 2003 masu bincike suka gano Linux ce a cikinta, suka matsa wa kamfanin ya cika sharaɗi, ya kuwa saki rubutun. Daga wannan rubutu ne wasu masu aikin sa kai suka kafa OpenWrt a Janairu 2004. Harufan nan uku na ƙarshen sunan daga sunan waccan rauta aka samo su.

Kamar kowace ƙungiya, su ma sun taɓa samun saɓani. A 2016 wasu suka ware suka kafa tasu mai suna LEDE, a farkon 2018 aka shirya aka sāke haɗewa. Sa'ad da suka fitar da bugu na 24.10 a Fabrairu 2025, yana aiki a kan na'urori iri fiye da 1,900.

Watakila wani zai ce, mu da muke ƙauye, wa zai damu da rautarmu? Ɓarayin intanet ba su duban ƙauye ko birni. Suna sakin manhaja ce tana bin ƙofa ƙofa a duniya duka tana taɓawa, wadda ta tarar a buɗe ta shiga. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama na'urori dubu ɗaruruwa, yawancinsu kyamarori da rautoci. Makaminta jerin kalmomin sirri ne kimanin 60, irin waɗanda kamfanoni suke sawa tun daga masana'anta, masu saye kuma ba su canza ba. A Nuwamba na shekarar wani reshenta ya tsayar da rautoci kimanin 900,000 a Jamus. Rautar da aka kama tana iya cinye datarmu tana yi wa wani aiki, tana kuma iya karkatar da ma'aji zuwa shafin banki na ƙarya. Amfanin buɗaɗɗiyar manhaja a nan shi ne gyara yana ci gaba da fitowa shekaru bayan kamfanin ya manta da na'urar.

Wace manhaja?

Sunaye uku ne za ku fi ji.

OpenWrt, wadda muka ba da labarinta, ba ta da nauyi. Tana aiki a kan rautocin kasuwa da ƙananan kwamfutoci duka. Ana sarrafa ta daga waya ko kwamfuta ta wani shafi mai suna LuCI. Tana karɓar modem na sim ta ƙofar USB, har ma tana iya jan intanet daga waya in an haɗa su da igiyar caji.

Ta biyu pfSense, ta uku OPNsense. Su biyun an gina su a kan wata manhaja mai suna FreeBSD. OPNsense ta ɓalle daga pfSense ne, ta fito a Janairu 2015 a hannun kamfanin Deciso na ƙasar Holan. Suna da ƙarfi ƙwarai wajen tsaron babban ofis, kamar asibiti ko kwaleji. Amma an yi su domin kwamfuta mai furosesa irin ta Intel ko AMD, suna son ram mai yawa, injin da zai ɗauke su kuma yakan ci wuta wat 10 ko fiye. Ba su kuma ƙware da waifai kamar OpenWrt ba.

Ga ofishin ƙungiya mai dogara ga sola, OpenWrt muke ba da shawara. Ba a sayen tarakta domin gonar bayan gida. Abubuwa huɗu a cikinta sun dace da bukatarmu:

1. Tana iya raba waifai gida biyu, ɗaya na ofis, ɗaya na baƙi. Wayar ɗan ƙungiya ba za ta ga kwamfutar ma'aji ba.
2. Da ƙarin wata 'yar manhaja mai suna nlbwmon tana ƙidaya datar da kowace waya ta ci. Wannan yakan kashe gardama a taron wata.
3. Da wata mai suna SQM tana raba gudun layi da adalci, domin kada mai kallon ƙwallo ya hana sakatare aika takarda.
4. Da mwan3 tana riƙe layi biyu. In na kamfani ɗaya ya ɗauke, ta koma ɗayan da kanta.

Abu ɗaya ne ba za ta iya ba. Ba ta ƙara ƙarfin sabis inda ba shi da ƙarfi. Maganin wannan shi ne a ɗaga modem ko eriyarsa sama, a fuskantar da ita wajen turken kamfanin waya.

Ƙananan kwamfutoci

In kun taɓa buɗe rediyo kun ga koren allon nan da aka liƙa wa ƙananan kaya. 'Yar kwamfuta mai allo guda ita ce wadda duk kayanta suke kan allo ɗaya irin wannan, girmansa kamar katin banki. Wadda ta fi suna ita ce Raspberry Pi. Wata gidauniya ce a Kembirij ta Ingila ta fito da ita domin yara su koyi aikin kwamfuta da araha, Eben Upton yana cikin waɗanda suka kafa ta. An fara sayarwa a Fabrairu 2012 a kan dala 35.

Kafin a saya, a yi wa kowace na'ura tambayoyin nan biyar.

Na fari, tana cikin jerin na'urorin da OpenWrt da kansu suka ce suna tallafawa? Jerin yana shafinsu. A duba suna da lamba daidai, gama kamfani yakan canza kayan ciki ya bar sunan waje yadda yake. Wasu kamfanoni kuma sukan ba da nasu bugun na OpenWrt da suka yi wa kwaskwarima. Wannan ya mai da mu hannun kamfani, ran da ya gaji gyara ya tsaya.

Na biyu, ƙofar igiya nawa gare ta? Rauta tana son biyu, ta shiga da ta fita, sai dai in modem ɗinmu na USB ne.

Na uku, ram da wurin ajiya sun isa? OpenWrt ta daina tallafa wa tsofaffin rautoci masu wurin ajiya megabait 4 da ram megabait 32, masu 8 da 64 ma an yi gargaɗi a kansu. Kada a sayi abin da ya gaza 16 da 128. Ƙananan kwamfutoci sun wuce nan nesa. Ram gigabait 1 ya ishe mu har da saura, wanda ya biya kuɗin gigabait 8 domin aikin rauta ya yi asara.

Na huɗu, wuta nawa take ci?

Na biyar, in ta mutu, a ina za a sami wata? Tsakanin 2021 da 2023 Raspberry Pi ta yi wuya a duniya duka saboda ƙarancin kayan haɗi, farashi ya ninka a hannun 'yan kasuwa. Garma mai kyau wadda ba a samun bakinta a kusa takan kwana a zaure damina guda.

To, ga waɗanda muka ga sun cancanci a duba.

Raspberry Pi 4 ta fito a Yuni 2019. Ƙofar igiyarta ɗaya ce, mai gudun megabit 1,000, ga ƙofofin USB huɗu. Tana son bolt 5 da amfiya 3, ko da yake a aikin rauta takan ci wat 3 zuwa 6 ne. Ita ce ta fi sauƙin samu, masu saninta kuma sun fi yawa. In ana son ƙofa ta biyu sai a sayi 'yar mahaɗa mai shiga USB, a nemi mai ƙwayar Realtek RTL8153 wadda OpenWrt ta saba da ita. Rauninta shi ne waifai. Eriyarta 'yar ƙarama ce a jikin allo, ba ta kai nesa, ba ta ɗaukar mutane da yawa. Dole a haɗa ta da wata na'urar watsa waifai, ko tsohuwar rauta ma ta isa.

Raspberry Pi 3 ta girme ta, ƙofar igiyarta tana raba hanya ɗaya da USB, shi ya sa ba ta da sauri. Amma in akwai ta a hannu, layin sim na ƙauye bai fi ƙarfinta ba. Raspberry Pi 5 ta Oktoba 2023 ta fi su duka ƙarfi, ta fi tsada, ta fi zafi, cajar da aka yi mata ta wat 27 ce. Ƙarfinta ya wuce bukatarmu.

NanoPi R2S da babbar 'yar'uwarta R4S na kamfanin FriendlyElec ne a ƙasar Sin, sun fito a 2020. An ƙera su domin aikin rauta, kowace da ƙofar igiya biyu, ana kuma samunsu cikin gidan ƙarfe mai shanye zafi ba tare da fanka ba. Ba su da waifai ko kaɗan, ba kuma ko'ina ake samunsu ba, sau da yawa sai an yi oda.

OpenWrt One ta fito a ƙarshen 2024 a kan dala 89. Masu OpenWrt ne suka tsara ta tare da kamfanin Banana Pi. Tana da ƙofar igiya biyu, da ram gigabait 1, da waifai mai ƙarfi da eriyoyi a waje. An sa mata maɓalli na musamman wanda yake dawo da ita in an yi kuskure wajen sa manhaja. Wannan babban abu ne ga masu koyo.

Akwai kuma hanyar da ta fi duka araha, watau rautar kasuwa wadda take cikin jerin OpenWrt. Ta zo da gidanta, da cajarta, da ƙofofi huɗu ko biyar, da waifai. Da yawa daga cikinsu da bolt 12 suke aiki. Sai a cire manhajar kamfani a sa OpenWrt. Ku tuna farashin allo ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Za a sayi gida, da katin ajiya, da caja, da mahaɗa, da na'urar waifai. In an tara duka, sau da yawa rautar kasuwa ta fi sauƙi. In kuma masu amfani ba su wuce uku ko huɗu ba, 'yar na'urar sim ta aljihu ta wadatar, a bar kuɗin a asusu.

To, yaushe 'yar kwamfuta ta fi? Sa'ad da ake so ta yi aiki biyu. Akwai manhaja mai suna Kiwix wadda take ajiye Wikipedia gaba ɗaya a cikin kati, har da ta Hausa. In an sa irinta a kan Raspberry Pi, duk wanda ya shiga waifai zai karanta ba tare da an ci data ba. Haka za a iya ajiye littattafan noma da bidiyon koyar da feshi ko ajiyar wake. Amma muna ba da shawara wannan ɗakin karatu ya zauna a kan tasa na'urar dabam, domin in ya lalace kada ya tafi da layin ma'aji.

Lissafin wuta

Kafin kwamiti ya amince, a ɗauki alli a yi lissafin nan a gaban kowa. A ce allo yana cin wat 4, modem wat 4, na'urar waifai wat 5. Jimla wat 13. In an bar su dare da rana, 13 sau 24 ya ba mu 312. In ana kunnawa awa 14 kaɗai, 13 sau 14 ya ba mu 182. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe 1,200, amma irin na dalma rabi kaɗai ya kamata a ci in ana so ya daɗe, watau 600. Farantin sola mai wat 100 yakan tara kimanin 350 zuwa 400 a ranar da gari ya yi haske, a watan Agusta kuwa ƙasa da haka. Ashe faranti ɗaya da batir ɗaya za su riƙe aikin, musamman in ana kashewa da dare.

Yanzu a ce wani mai kirki ya ba mu kyautar tsohuwar kwamfutar tebur mai cin wat 60, ya ce mu mai da ita rauta. A awa 14 za ta ci 840. Faranti biyu ma ba za su isa ba. Kyautar ta jawo mana sayen sola da batir da suka fi sabuwar rauta tsada.

Kada a bi ta inbata in ana iya kauce mata, gama ita kanta tana shan wuta ko ba a aiki. Akwai 'yar na'ura mai sauko da bolt 12 zuwa bolt 5, a nemi mai ba da amfiya 3 ko fiye. Cajar waya ta bakin hanya da siririyar igiya su ne suka fi jawo wa Raspberry Pi tsayawa ba dalili. Araha ba ta ado.

Abokan gaba huɗu

Zafi. Raspberry Pi takan fara rage gudunta in zafin cikinta ya kai digiri 80. A watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, ba wuya ta kai can. A sa ta a gidan ƙarfe, a inuwa, inda iska take ratsawa.

Ƙura. Fanka tana jawo ƙurar hunturu ciki, daga baya ta toshe. Gidan ƙarfe marar fanka ya fi mana.

Ɗaukewar wuta. Raspberry Pi da NanoPi a katin ajiya suke riƙe manhajarsu. In wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, katin yana iya ɓaci. Kasuwa kuma cike take da katunan jabu. A sayi na ƙwarai, ko ƙarami ne ya isa. Wajen saukar da OpenWrt a zaɓi bugun da aka rubuta wa squashfs, shi ne wanda ake iya komar da shi yadda ya zo in an rikita shi.

Tsawa. Doguwar igiya daga gini zuwa gini, da eriya a kan dogon ƙarfe, suna jawo aradu cikin na'ura. A binne ƙarfen kariya a ƙasa, a kuma cire igiyoyi in hadari ya taso.

Ranar kafawa da bayanta

A yi shirin farko a gari inda akwai intanet. Shafin OpenWrt yana ba da dama a ƙara manhajar modem da ta mahaɗar USB tun kafin a sauke. In an manta da wannan, za a kai ƙauye a tarar rauta tana bukatar intanet kafin ta iya kama intanet. Bayan an rubuta manhajar a kati, a haɗa na'urar da kwamfuta ta igiya, a buɗe adireshin 192.168.1.1. Sabuwar OpenWrt ba ta da kalmar sirri, waifai ɗinta kuma a kashe yake zuwa. Aikin farko shi ne sa kalmar sirri mai tsawo, kada ta zama sunan ƙungiya ko lambar wayar shugaba.

In komai ya daidaita, a yi kati na biyu daidai da na farko. A sa shi a ambulan tare da kalmomin sirri, a ajiye a akwatin ma'aji. Ran da na farko ya ɓaci, canzawa aikin minti biyar ne. A koya wa mutum biyu aƙalla, ɗaya ya kasance cikin waɗanda ba su tafiya cin rani. Matan ƙungiya da yawa sun iya waya ƙwarai, suna kuma gida shekara duka. A sa ranar sabunta manhaja cikin kalandar ƙungiya, sau biyu a shekara, kafin shuka da bayan girbi. A kuma rubuta doka tun farko a kan wanda zai sayi data, da abin da kowa zai biya, da kason da za a ware domin sabon batir.

Wasu sun riga mu

A yankin Mankosi na lardin Gabashin Kef, a Afirka ta Kudu, mutanen ƙauye sun haɗa kai da Jami'ar Yammacin Kef a 2012 suka kafa tasu hanyar sadarwa. Sun kira ta Zenzeleni, da harshensu ma'anarta ku yi wa kanku. Sun fara da ƙananan na'urori masu suna Mesh Potato, masu aiki da OpenWrt, a kan rufin gidajen da jama'a suka zaɓa, da sola. Da ragowar wutar suna cajin wayoyin mutane da kuɗi kaɗan, kuɗin yana shiga asusu. A 2014 suka yi rajista a matsayin ƙungiyar gama kai. Na'urorinsu na farko ba su kai ƙarfin waɗanda muka lissafa a sama ba. Abin da ya riƙe aikin shi ne kwamiti, da asusu, da horar da 'ya'yan gari su yi gyara.

Tambayoyi domin taronku na gaba

1. Mutum nawa ne za su yi amfani da layin a lokaci ɗaya, domin wane aiki?
2. Wane kamfani ne sabis ɗinsa ya fi ƙarfi a ofishinmu? Mun gwada da safe da yamma?
3. Batirinmu da farantinmu za su ɗauki wat nawa a watan Agusta?
4. Su wane mutum biyu za mu horar, wa zai riƙe ambulan?
5. In na'urar ta mutu ana tsakiyar rajistar taki, kwana nawa za mu yi kafin mu sami wata?

In kun amsa waɗannan, ku rubuta sunan na'urar da kuke so da lambarta, ku duba ta a jerin OpenWrt kafin ku ba da ko kwabo. Ƙungiyar da ta riga ta kafa tata, ta gayyaci maƙwabta su zo su gani, gama gani ya kori ji. Ku aiko mana da labarin yadda kuka yi ta hannun malamin gona na yankinku, domin sauran 'yan'uwa su amfana. Mu kwana nan, sai fitowa ta gaba.